Yadda ake koyon gina shafukan intanet daga kafofin kyauta

Kafofin koyon rubuta manhaja sun cika intanet, kuma yawansu ne ke fara rikita mai koyo. Yau yana wannan darasi, gobe ya koma wancan bidiyo, wata uku ta wuce bai gina ko shafi ɗaya ba. Maganin wannan shi ne a zaɓi kafa guda a bi ta har ƙarshe, sauran kuma a san lokacin da ake leƙa su.

Da farko ka tanadi kayan aiki: kwamfuta, burauza kamar Firefox ko Chrome, sai manhajar rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. Visual Studio Code, wadda Microsoft ya fitar a 2015, kyauta ce kuma ta wadatar. Waya tana da amfani wajen karatu, amma rubutu da gano kuskure sai da kwamfuta. Buɗe folda ɗaya, ka ƙirƙiri fayil uku a ciki: index.html da style.css da script.js. Ka lura, Windows kan ɓoye ƙarshen sunan fayil, sai mutum ya ajiye index.html.txt bai sani ba, burauza ta riƙa nuna masa kod ɗin tsurarsa maimakon shafi.

Jerin koyon ba ya canjawa. HTML tukuna, domin shi ne ke tsara kanu da sakin layi da hotuna da mahaɗai. Sai CSS, mai kula da launi da girma da wurin zaman kowane abu. A nan ka daɗe kan Flexbox da Grid, don su ne ke sa shafi ya zauna daidai a waya da kwamfuta. Sannan JavaScript, wanda ke sa maɓalli ya yi aiki idan an danna. Kada ka taɓa React, wani kayan aiki da aka gina kan JavaScript, sai ka iya canja rubutun shafi da JavaScript zalla.

Sai zaɓen kafar da za ka bi. freeCodeCamp, wadda Quincy Larson ya kafa a 2014, tana ba ka ƙaramin aiki a cikin burauza, ka rubuta, ta duba maka nan take. Ita ta fi dacewa da wanda bai taɓa rubuta kod ba. Rauninta shi ne sauƙin ya yi yawa, mutum zai iya wuce darussa masu yawa bai san yadda ake fara aiki daga fayil fanko ba. Don haka duk abin da ka koya a ranar, ka sake rubuta shi da hannunka a cikin foldarka, ba tare da kallon darasin ba. The Odin Project ta fi tsauri: tun farko za ta sa ka girka kayan aiki a kwamfutarka, ka karanta dogon bayani, ka gina ayyuka da kanka, kuma a ganina ta fi kusa da yadda aikin yake a zahiri. Wanda yake son ya fahimci tushen ilimin kwamfuta kuwa, akwai CS50 na Jami'ar Harvard, da David Malan ke koyarwa, wanda ke farawa da harsunan kwamfuta na Scratch da C kafin ya kai ga Python da SQL da shafukan intanet. Ɗaya za ka ɗauka, kuma awa ɗaya kullum ta fi awa bakwai a rana guda.

MDN Web Docs na Mozilla wurin duba bayani ne, kamar ƙamus. Idan ka manta yadda wani umarnin CSS ke aiki, rubuta sunansa ka ƙara "mdn" a wurin bincike. W3Schools ya fi sauƙin karantawa, amma idan bayani ya yi zurfi, MDN za ka koma.

Yanzu ga inda mafi yawa ke karaya, wato idan kod ya ƙi aiki. Danna F12 a burauza ka buɗe sashen Console. Jan rubutun da ka gani yana ɗauke da sunan fayil da lambar layin da matsalar take. Idan ya ce "Cannot read properties of null", galibi JavaScript ya nemi wani abu a shafin kafin burauza ta gina shi, ko kuma sunan da ka kira bai yi daidai da na HTML ba. Ka mayar da layin script, wato layin HTML da ke kiran script.js, ƙasan shafin, ko ka ƙara masa kalmar defer. Idan ka gyara CSS amma ba abin da ya canja, burauza ce ke nuna tsohon kwafi, danna Ctrl da F5 tare. Abin da ya gagare ka, kwafi saƙon kuskuren yadda yake ka bincika. Tun 2008 Stack Overflow ke tara amsoshin irin waɗannan tambayoyi. Manhajojin AI ma suna taimakawa, sai dai ka ce su yi maka bayanin kuskuren, kada ka liƙa kod ɗin da ba za ka iya bayyana kowane layinsa ba.

Da ka gama shafinka na farko, ka fitar da shi duniya. Koyi umarni uku na Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, wato add da commit da push, ka buɗe asusu a GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, ka ɗora foldar, ka shiga Settings ka kunna Pages. Bayan 'yan mintoci za ka sami adireshin da kowa zai iya buɗewa, kyauta. Idan hoto ko launi ya ɓace bayan ɗorawa, duba sunayen fayil: Windows ba ta bambanta Style.css da style.css, amma sabar GitHub, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinka, tana bambantawa. Saba wa kanka rubuta sunaye da ƙananan baƙaƙe, babu tazara a tsakani, sannan ka buɗe adireshin a waya ka ga ko rubutun yana karantuwa ba sai an ja shi gefe ba.