Yadda nake fitar da littafi daga Word zuwa Markdown, in kuma mayar da shi

Sana'ata shirya littattafan Hausa ce kafin su tafi ɗab'i. Marubuci zai kawo aikinsa a Word, ana son na takarda, ana kuma son EPUB na karantawa a waya. Maimakon in yi ta gyaran fayil uku, sai in juya littafin zuwa fayil ɗaya na Markdown, wato tsurar rubutu da ake nuna tsarinsa da 'yan alamomi irin su #, ta amfani da Pandoc, manhajar kyauta da John MacFarlane, malamin falsafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya fitar a 2006.

Pandoc ba ruwanta da kwalliya, sunan salo (Style na Word) take karantawa. In marubuci ya ƙara wa "Babi na Uku" girma da kauri da hannunsa, a wurinta sakin layi ne kamar kowane. Sai ka sa masa salon Heading 1 kafin ya koma # a Markdown, Heading 2 kuma ya koma ##. Na taɓa juya wani littafi ba tare da na duba wannan ba, shafin ƙunshiya ya fito wayam, ko babi ɗaya babu. Tun daga ranar, da salo nake farawa.

Sai haruffanmu masu ƙugiya, inda aka fi shan wahala. Tsofaffin fayiloli da yawa an buga su da nau'in rubutun da ya aro mazaunin wasu alamomi, a allo ka ga ƙasa, ɗaya, zaɓe, alhali abin da ke ciki }asa ne, da ]aya, da za~e. Markdown kuwa tana da aikin da take yi da ] da ~. Don haka tun a Word nake musanya su da haruffan gaskiya na Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na bai ɗaya: ƙ, ɗ, ɓ, da manyansu, da ƴ in marubucin ɗan Nijar ne. Alamar ] kam ɗaya bayan ɗaya nake binta, saboda wani lokaci baka ce ta gaske a cikin rubutun.

Daga nan sai umarnin da nake rubuta wa Pandoc:

pandoc -f docx+styles littafi.docx --extract-media=hotuna -o littafi.md

Wannan +styles ɗin shi ke riƙe salon da ka ƙirƙira da kanka. Ni ina da wanda na raɗa wa suna Baiti, domin waƙoƙi, kuma yakan fito da alamar custom-style="Baiti". In ka manta shi, sunan ya tafi, baitoci su saje da zube. Sharhin edita na gefen shafi shi ma zubewa yake yi, sai in ka ƙara --track-changes=all.

Komawa Word ya fi sauƙi:

pandoc littafi.md --reference-doc=samfuri.docx -o sabo.docx

Daga samfurin nan, wato fayil ɗin Word mai tsarin da kake so, ake ɗauko girman shafi, da faɗin gefe, da rubutun sama da ƙasan shafi, waɗanda Markdown ba ta ajiyewa. Ka tabbata salon Baiti yana cikinsa, da wannan sunan daidai.

Kafin in taɓa littafi gaba ɗaya, babi guda nake zaɓa, wanda ya fi rikici, mai waƙa da hoto da bayanin ƙasan shafi. In juya shi, in mayar, in buɗe tsoho da sabo gefe da gefe, in ƙirga baitocin da yatsa.