Yadda ake dawo da ƙyallin bambar alminiyom ta tsohuwar mota

Bambar alminiyom irin ta Volvo 240, ko ta BMW E30 da aka ƙera don kasuwar Amurka a shekarun 1980, idan ta tsufa takan yi fari-fari kamar hazo ya lulluɓe ta. Mutum zai yini yana goga mata man goge ƙarfe, ba abin da zai canza. Dalili shi ne a masana'anta an yi mata wata fata siririya mai tauri ta hanyar lantarki, wadda ake kira anodayizin. Fatar ce ta dusashe ta tsattsage, kuma ta fi alminiyom ɗin da ke ƙarƙashinta tauri nesa ba kusa ba.

Fara da gwaji. Ɗora maganaɗisu, in ya kama, ƙarfe ne mai rufin kurom, wannan aikin bai shafe shi ba. Sannan ka shafa ɗan Autosol, wani man goge ƙarfe, a farin tsumma ka goga a wani lungu. Tsumman ya yi baƙi? To alminiyom ne tsirara, gogewa kaɗai ta isa. In ya fito fes, fatar na nan. Ka yi tunani kafin ka cire ta, domin da zarar ta tafi, kula da bambar ya hau kanka muddin motar na hannunka. Idan dusashewar kaɗan ce, wanki da shafa kakin mota ya fi.

Kwance bambar daga jikin mota, ka cire robobi da fitilu da maƙalai. Kusoshin ƙarfe sukan cije a cikin alminiyom, don haka a fesa musu man kwance tsatsa tun da dare, ya kwana kafin a kwance su.

Cire fatar da soda ake yi, irin ta masu haɗa sabulu. Giram 50 a lita ɗaya ta ruwan sanyi ya wadatar, a bokitin roba. Sodar ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kanta, don tana ɗaukar zafi ta fantsama. Safar hannu ta roba da tabarau dole ne. A fili za a yi, nesa da wuta da sigari, saboda haɗuwar soda da alminiyom na fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta. Shafa da burushin roba, yanki-yanki, ka bar shi minti uku zuwa biyar, ka wanke da ruwa mai yawa, ka duba. Inda ya rage, maimaita. Nan ne aka fi ɓata bamba: a shafa a tafi cin abinci. Soda ba ta tsayawa a kan fatar, tana gama ta sai ta shiga cin ƙarfen ta bar ƙananan ramuka, waɗanda sai an sha wahala da samfefa kafin su ɓace. Baƙi-baƙin da zai fito a sama ba matsala ba ne. Goge shi da ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi, a sake ɗaurayewa.

Sai samfefa ta ruwa. Fara da lamba 400, ko 320 in akwai ƙarzuwa mai zurfi, sannan 600, 800, 1000, 1500, 2000. Naɗe ta a jikin ɗan katako ko roba mai faɗi, don yatsu kaɗai kan bar kwari. Ɗiga sabulu kaɗan a ruwan. Duk lokacin da ka canza lamba, ka canza alkibla: wannan a tsaye, na gaba a kwance. Ta haka za ka ga ko layukan lambar baya sun ɓace. Kada a tsallake lamba. Layin da 400 ta bari, 1500 ba za ta share shi ba, kuma sai bayan an gama gogewa zai fito ɓaro-ɓaro. Soson ƙarfe na wanke tukunya kuwa a nisanta shi, ɓurɓushinsa na maƙalewa ya yi tsatsa.

Gogewar ƙarshe da faifan auduga ake yi a kan inji mai juyi 1,500 zuwa 3,000 a minti. Ƙaramar giranda ta walda tana kai 11,000, ta yi gudu da yawa. A fara da sandar gogewa mai ruwan ƙasa, wato daskararren man da ake shafa wa faifan, a canza faifai a bi da farar. Ɗan kaɗan ake shafawa, hannu na tafiya ba tsayawa, don zafi na sa man ya daskare ya yi dabbare-dabbare. A ƙarasa da Autosol da tsumma mai laushi.

Yanzu ƙarfen ba shi da kariya. Ko dai a shafa kakin mota duk wata ɗaya ko biyu, ko a wanke maiƙon tas da tina a fesa fenti marar launi, wanda zai ɗan rage sheƙin amma ya daɗe. A wurin wankin mota a hana su sa mata garin sabulun wanki, yana dusar da alminiyom tsirara. Lokacin hunturu kuma kada a share ƙura da busasshen tsumma, a fara zuba ruwa. Wajen mayar da bambar, a shafa giris a kowace kusa kafin a ɗaure.