Bin Sawun Kakan da Ya Tafi Gwanja: Kurakuran da Aka Fi Yi da Takardun Kotu

A gidaje da yawa na Kano, Katsina, Zariya da Sakkwato akwai labarin wani kaka da ya tafi Gwanja, a Ghana ta yau, fataucin goro, ko ya bi ayari da sana'arsa ta fawa, dukanci ko ɗinki, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. A zangunan Kumasi, Accra da Tamale kuma akwai jikokin da iyakar abin da suka sani shi ne kakansu "daga Hausa ya zo". Sarki yana da marubutan tarihi, malami yana barin littattafai da almajirai, amma mahauci ko dillali ba mai rubuta sunansa sai ran da rigima ta tashi: bashi, gado, iyakar gida, ko kayan amana da suka salwanta. Shi ya sa littattafan kotu na zamanin Turawa suke da daraja ga mai wannan nema. Sai dai akawun kotu bai zauna don ya rubuta muku salsala ba, rigimar ranar ce a gabansa. Yawancin kurakuran da ake yi daga mance wannan suke tasowa.

Na farko shi ne a tsallake gida a nufi ma'ajiyar takardu. Mutum ya sayi tikiti zuwa Accra da suna ɗaya tilo a aljihu, alhali gwaggonsa mai shekara tamanin tana nan zaune. Kuma in za a tambaye ta, "a wace shekara ya tafi?" ba tambaya ba ce, don ba da lamba ta riƙe zamani ba. A ce mata, "Gwaggo, lokacin yunwar Kakalaba yana gida ko ya riga ya tafi? A gidan wa yake sauka a can? Da me ake masa laƙabi? Wa ya kawo labarin rasuwarsa?" Kakalaba ta faɗa wa ƙasar Kano a 1913 zuwa 1914, murar da ta kashe jama'a ta zo a 1918, annobar da ta sa aka rushe tsohon zangon Kumasi a 1924 ce, girgizar ƙasa ta Accra kuma a watan Yunin 1939. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage maka littattafan da za ka buɗe. In kuma tsohuwa ta ce ya zauna a Ankara, Accra take nufi, haka tsofaffin fatake ke kiran garin.

Sai maganar suna, wadda a nan ne aka fi ɓata lokaci. Akawun da ya rubuta ƙarar galibi mutumin bakin teku ne da ya yi makarantar mishan, ba ya jin Hausa, abin da kunnensa ya ɗauka shi yake sa wa takarda. Muhammadu sai ya zama Mahama ko Mama, Ibrahim ya zama Braimah ko Brimah, Usman ya koma Osumanu, Sa'idu ya koma Seidu, Salihu ya zama Salifu. A shafi ɗaya ma ana iya rubuta mutum iri biyu. Ga kuma namu na gida: Abubakar ɗin da ke cikin salsalarku mai yiwuwa Garba kowa ya san shi da shi a kasuwa, Usman ya zama Shehu, Umaru ya zama Sanda, wani kuwa sunan ranarsa ya rinjayi na yanka, ya mutu yana Ɗanjuma ko Bala. Kafin ka buɗe littafi ko ɗaya, rubuta duk sunayen da za a iya kiran mutumin da su, sannan ka karanta shafukan da baki, ba da ido kawai ba. Sau da yawa sai ka furta abin da akawun ya rubuta kake gane wanda yake nufi.

Kishiyar wannan kuskure ta fi shi haɗari: a ga suna ya dace a rungume shi. Musa Kano nawa ne a Kumasi a shekarar 1920? Sunan gari a bayan suna ba sunan gida ba ne, kuma ba lallai ya zama mahaifa ba. Mutumin ƙauyen Bebeji ko Kura zai ce shi Bakano ne don nan aka sani. Kalmar "Hausa" kanta a takardun Gold Coast, sunan Ghana a zamanin Turawa, ta fi yadda muke zato faɗi. Tun daga rundunar da Baturen Ingila Glover ya kafa a Legas a shekarun 1860, Turawa suna kiran sojojinsu da 'yan sandansu na arewa Hausawa, alhali a cikinsu akwai Yarbawa, Nufawa, Barebari da Gurunsawa. Duk Musulmin da ya sa riga da hula yana jin Hausa ana iya sa shi a wannan layi. Don haka suna kaɗai ba hujja ba ce. Ni ban yarda a ɗora mutum a kan salsala ba sai abubuwa aƙalla uku sun haɗu: sunan, sana'ar, da kuma wani na kusa da shi da labarin gida ya ambata, kamar maigidansa, matarsa ko ƙanensa. In biyu ne kawai, a rubuta "mai yiwuwa" a ci gaba da nema. Wanda ya ɗauki kakan wani ya manna wa zuriyarsa, 'ya'yansa za su gāji wannan kuskuren a matsayin gaskiya.

Akwai kuma neman abu a kotun da ba ta da hurumi a kansa. Ghana ta yau ba ƙasa ɗaya ba ce a wancan lokaci. Yankin bakin teku yana da babbar kotu tun dokar 1876. Asante da yankunan arewa sai a farkon 1902 suka shiga hannun Ingila a hukumance, kuma kwamishinoni ne ke yin shari'a a can, ikon babbar kotu bai kai su ba sai 1935. Kete-Krachi, inda fatake da yawa suka koma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, tana hannun Jamus har 1914. Nan ne Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. To in kakanka a can ya yi zamansa kafin yaƙin duniya na farko, takardun da suka shafe shi da Jamusanci suke, kuma Lome ko Berlin ne wajen nemansu. Ga sauran wurare, hukumar adana takardu ta Ghana, PRAAD, tana da hedikwata a Accra da rassa a Kumasi, Tamale, Cape Coast da Sekondi, sannan shari'o'in kotunan Asantehene, sarkin Asante, suna ma'ajiyar Manhyia a Kumasi. A tuna kuma mai sana'a ba ya zama wuri ɗaya. Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, goro ya ƙara bin teku zuwa Legas, fatake suka bi shi. Alhassan Ɗantata kansa ya yi wannan fatauci ta Accra kafin ya koma Kano. Mutum ɗaya yana iya barin sawu a garuruwa huɗu.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne karanta sunayen mai ƙara da wanda ake ƙara kawai, a leƙa hukunci, a juya shafi. Dukiyar tana tsakiya. A ce ka buɗe littafin ƙararrakin bashi na wani kwamishinan gunduma. A sama akwai kwanan wata, sai sunan wani mai shanu da ya kai wani mahauci ƙara kan kuɗin bijimai biyu, an rubuta adadin da fam, sule da kwabo. Kakanka ba ya cikin su biyun. Amma a ƙasa, bayan an rubuta cewa shaida na biyu ya rantse da Alƙur'ani, sai ga shi yana bayani: shi mahauci ne, a gidan wane yake zaune, shekara kaza ke nan da zuwansa, a gabansa aka yi cinikin, kuma wanda ake ƙara ɗan'uwan matarsa ne. A layi biyar ka samu sana'a, masauki, lokacin zuwa da surukai. Talaka mai kiyaye mutuncinsa yana iya ƙare rayuwarsa bai kai kowa ƙara ba, ba a kuma kai shi ba, amma da wuya a ce bai taɓa tsayawa shaida ko lamuni ba. Kuma jerin sunayen da ke gaban littafi, in ma akwai shi, na masu ƙara ne, ba ya ɗauke da shaidu. Ba wata gajeriyar hanya, sai an bi shafi-shafi.

Daga nan ne dabarar bin maigida take fitowa. Baƙo a zango ba ya zama haka kawai. Yana sauka a hannun maigida, wanda ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa in bashi ya shiga. Su masu gidajen nan kullum suna kotu, don kuɗin mutane a hannunsu yake. In gwaggo ta tuna sunan maigidan, ka bar neman kakanka tukuna, ka tattara duk ƙarar da sunan maigidan ya fito a ciki. Haka nan sarkin fawa ga mahauta, da madugu ga masu ayari. Asali ma yana taimakawa: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka riƙe fataucin goro, sun fi sauka da yin aure a tsakanin junansu.

Kada kuma a ɗauki duk abin da aka rubuta tamkar yankan wuƙa. Kakanka da Hausa ya yi magana, tafinta ya juya, akawu ya taƙaita da Turanci. Shekarun haihuwa kusan duk ƙiyasi ne na kallon fuska, shi ya sa za ka ga talatin da arba'in sun cika shafuka. In an rubuta ɗan'uwa, yana iya zama ɗan garinsu kawai. In an rubuta ɗa, yana iya zama yaron gida ko almajiri. Mai bashi kuma yana faɗin abin da zai fisshe shi ne. Rashin ganin suna ma ba ya nufin mutum bai zauna a garin ba, domin yawancin rigingimun zango a gaban sarkin zango, liman ko maigida ake kashe su, ba alƙalami ba takarda. Hatta aure: an yi dokar rajistar auren Musulmi a Gold Coast a 1907, amma kaɗan ne suka je suka yi rajistar. In ka samu sunan kakanka a ciki ka ci sa'a, in babu, ba abin mamaki ba ne.

Masu nema da yawa suna mance cewa labarin yana da kai biyu. Wanda ya mutu a Kumasi ya bar gona a Kano, kuma magada sun je gaban alƙali. Matar da mijinta ya daɗe a Gwanja babu aike ta kai kuka a raba auren. Abokin ciniki ya zo neman kuɗinsa daga cikin abin da aka bari. Irin waɗannan shari'o'i su ne ke faɗin inda mutum ya tafi da kuma wanda ya shaida mutuwarsa. Da Larabci alƙalai suke rubutawa, da rubutun hannu irin na Magariba, saboda haka wanda bai saba ba ya nemi malamin da ya saba, kada ya dogara da hasashe. Bayanan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, sun tsira na shekarun 1913 da 1914, har masanin tarihi Allan Christelow ya fassara wasu zuwa Turanci. Wuraren dubawa sun haɗa da ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kaduna, Gidan Arewa, hukumar tarihi da al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

A nan sai a kula da kwanan wata, don da na Hijira alƙalai suke rubutawa. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka ƙara wata lamba ɗaya a kan kowace shekara ba ya ba da daidai. Shekara ta 1320 ta fara a Afrilun 1902 ta ƙare a Maris na 1903, a cikinta Turawa suka ci Kano. A yi amfani da jadawalin juyawa, a kuma rubuta kwanan watan asali kusa da wanda aka juya. Kuɗi ma haka: sule ashirin ne fam ɗaya, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, kuma a shekarun farko wasu basussukan da wuri aka ƙirga su. Wanda ya ga dubu ɗari a takarda ya ɗauka kakansa hamshaƙi ne, alhali wuri ake nufi.

Akwai abin da ba a son faɗa, amma dole a faɗe shi. Takarda tana iya nuna cewa kakan da ake yi wa kirari an ɗaure shi kan bashi, ko bawa ne da ya fanshi kansa, ko shi ne mai bayin. Dokar Turawa a Arewa ta 'yanta yaran da aka haifa daga Afrilun 1901, amma ba a soke bauta gaba ɗaya ba sai 1936, kuma a tsakanin nan kotunan alƙalai sun yi ta rubuta fansa. Wasu da suka tafi Gwanja ma daga wannan hali suka gudu, suka je suka kama sana'a suka gina gida da guminsu. Ɓoye shafin ko gyara shi cin amana ne. Watsa shi a dandalin zumunta na dangi ba tare da an zauna da manya ba shi ma ba daidai ba ne, don akwai masu rai da abin zai taɓa, har da maganar aurensu. A ajiye shi yadda yake, a fara kai wa dattawan gida.

Wani abin kuma ƙarami ne a ido amma yana lalata aikin shekaru: a ɗauki hoton shafi da waya ba a rubuta daga wane littafi ya fito ba. Kafin ka ɗauki komai, nemi izinin ma'aikatan wurin, sannan ka fara da bangon littafin da lambarsa, ka haɗa da shafin da ke gaba da na baya, ka rubuta sunan kotun, shekara da lambar shafi a littafinka na hannu. Rubuta har littattafan da ka duba ba ka samu komai ba, don kada wani ɗan'uwa ya maimaita wahalar. Yawancin waɗannan takardu sun haura shekara ɗari, gara da danshi sun ci wasu, kuma iyalai da dama sun rasa nasu na gida lokacin da gwamnatin Busia ta Ghana ta kori baƙi a ƙarshen 1969, aka ba mutane mako biyu su fice. In akwai wata tsohuwar adaka a gidanku da ta dawo daga Ghana a waccan shekarar, a buɗe ta a gaban manya, a ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, har rasit ɗin haya da lasisin yanka.