Idan ɗan'uwa ya ci maka iyakar gona: yadda ake barin hukunci ga Allah

Barin magana ga Allah ba naɗe hannu ba ne. Abin da Romawa 12:19 ta ce a bar wa Ubangiji shi ne ramako. Neman hakki ta hanyar gaskiya kuwa ba a hana shi ba, domin Bulus da ya rubuta ayar shi ne ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar (Ayyukan Manzanni 25:11).

Ranar da ka tarar kunyoyinsa sun shigo gonarka, kada ka tumɓuke shukarsa, kada ka taɓa dutse ko itacen da ke nuna iyaka. Da ka taɓa, laifi ya zama na mutum biyu, mai sasantawa kuma ba zai iya raba naka da nasa ba. Koma gida ka karanta Zabura 73 har ƙarshe. Asaf, wanda ya rubuta zaburar, ma ya kusa zamewa da ya ga mugaye suna cin gaba, sai a aya ta 17, da ya shiga Haikali, hankalinsa ya dawo.

Washegari ka same shi ku biyu kaɗai, yadda Matiyu 18:15 ta tsara. A nan ne yawanci ake ɓata lamarin. Mutum ya fara kai labarin majalisa ko WhatsApp, wanda ake zargi ya ji a bakin duniya, daga nan ba gona yake karewa ba, mutuncinsa yake karewa, ba zai ja da baya ba.

In ya ƙi ji, ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Maimaitawar Shari'a 19:14 ta hana gusar da alamar iyaka, aya ta 15 kuma ta bukaci shaidu biyu ko uku. Nemi maƙwabtan gona da tsofaffin da suka san asalin rabon. 'Yan gidanku ba su isa shaida ba, za a ce son kai ne. Bayan shaidun sai fasto da dattawan ikkilisiya. Duk abin da aka yanke a rubuta, kowa ya sa hannu, a kafa sabuwar alama a gaban shaidu tun kafin shukar damina.

In wanda ya cuce ka ba ɗan ikkilisiya ba ne, ko ya raina dattawa, mai unguwa da dagaci da kotu suna nan, Romawa 13 ta ce hukuma ma'aikaciyar Allah ce. Cin hanci da shaidar zur da zuwa wurin boka ne ba naka ba.

A addu'a, faɗi cutar da aka yi maka da sunanta, ka nace kamar gwauruwar Luka 18 da ta yi ta zuwa wurin alƙali har ya bi mata hakkinta, amma kada ka tsara wa Allah irin masifar da zai saukar. Ka ambaci sunan mutumin kowace safiya kana roƙa masa tuba. Ka ci gaba da gaishe shi, in an yi musu rasuwa ka je ta'aziyya, ko da ƙarar tana gaban alƙali.