Yadda na rabu da ciwon ƙoƙon gwiwa

Wata 5 ina fama, musamman wajen sauka daga bene ko bayan dogon zama. Hutu bai yi komai ba. Likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ce ta tsayar da ni gaban madubi, ta ce in sauko daga ɗan dakali a hankali. Da idona na ga gwiwata tana karkacewa ciki. Ashe tsokar ƙugu ce ta yi rauni, ƙoƙon ke shan wahala.

Don ƙarfafa tsokar, kullum sai in kwanta a gefe in ɗaga ƙafa sau 10, zagaye 3, in jingina da bango in ɗan durƙusa, gwiwa daidai saitin yatsan ƙafa na biyu. Idan ciwo ya tsananta, sai in rage. A mako na 8 na sauko bene ban dafa komai ba.