Darasi na Goma Sha Ɗaya: Fita Shan Iska a Bakin Ruwa da Kan Dutse

Ko ɗan birni yakan gaji da birni. Wanda ya wuni a Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi, ƙarar a-daidaita-sahu tana kunnensa tun safe, wata rana ba abin da ransa yake so sai wurin da zai ji kukan tsuntsu. Irin wannan wuri bai yi mana nisa ba. A cikin garin Kano akwai Dutsen Dala da Gwauron Dutse. Wanda kuma yake son ruwa da duwatsu a wuri guda, ga dam ɗin Tiga a ƙaramar hukumar Bebeji, kimanin kilomita 70 kudu da birni. An gama gina shi a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma da ruwansa ake noman rani a Kadawa da Kura. Akwai tafkin Bagauda a wannan yankin, akwai kuma dam ɗin Chalawa a Ƙaraye.

Sai dai Tigan da ka gani a watan Nuwamba ba ita za ka tarar a Afrilu ba. Kafin a tambayi kuɗin mota, a fara tambayar wane lokaci ake ciki.

Idan zaɓi ya rage gare ni, kaka zan ɗauka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwan sama ya ɗauke, dam ya cika maƙil, hanya ta bushe, sanyi bai kankama ba. A shimfiɗa tabarma a inuwa, a ci abinci, a sayi kifi wurin masunta. Abin lura shi ne ciyawa ta yi tsawo a lokacin, macizai kuma suna yawo. A sa takalmi rufaffe, ba silifa ba. Kada yaro ya zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse. Sauro ma bai tafi ba, don haka a tashi kafin magariba.

Hunturu kuwa na san shi da jikina. Wata shekara, a watan Janairu, mun je Tiga da 'yan ajinmu su goma sha biyu. Da muka taso daga gari rana ta fito, kowa ya ga ai babu wani sanyi. Wani dattijo a cikinmu, tela ne, ya zo da riga 'yar shara da hula kawai. Muna sauka daga mota iska ta taso daga kan ruwa ta dake mu. Hazo ya rufe ko'ina, ko ɗaya gaɓar ba a hangowa, masu son ɗaukar hoto suka mayar da wayoyinsu aljihu. Dattijon ya takure a jikin mota, haƙoransa suna kaɗawa.

"Malam," ya ce, "wannan sanyin ai ba irin na Fagge ba ne."

Na ce, "Baba, a Fagge gidaje ne suke tare maka iska. Nan kuwa babu katanga."

Sai da direba ya ara masa bargon da yake shimfiɗawa a kujera. Tun daga ranar, duk wanda zai bi mu daga Disamba zuwa Fabrairu sai ya nuna rigar sanyinsa kafin ya hau mota. A riƙe man kaɗanya saboda leɓe da kaushi. Mai ciwon asma ya zo da maganinsa, ya rufe hanci da baki, ko ma ya haƙura idan ƙura ta yi yawa. Ciyawa kuma ta bushe ƙayau a wannan lokaci. Guntun sigari ɗaya, ko garwashin da aka gasa kifi aka bari, ya isa ya cinye gonar wani. A kashe wuta da ruwa, a bi da ƙasa a rufe.

Bazara ce mai yaudara. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, dutse ya ɗau zafi har ba ya takuwa. Mai son hawa Dala ya hau bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya. Da sassafe ma ya fi daɗi, ka tsaya inda tarihi ya ce Barbushe ya zauna, kana kallon birni yana farkawa. A tafi da ruwan sha fiye da yadda ake zato za a buƙata. Wanda ya fara jin jiri da ciwon kai, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari. Haɗinsa: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan ya suma ko ya fara sambatu, wannan ya wuce na gida, sai asibiti.

Amma babban haɗarin bazara shi ne ruwan kansa. Zafi ya dami yaro, ga ruwa kwance luf kamar ba ya cutar kowa. Dam ba kududdufin unguwa ba ne. Taku uku ruwa yana gwiwa, na huɗu babu ƙasa. Ga laka mai riƙe ƙafa. Ko gwanin iyo ma kada ya shiga inda mutanen wurin ba su nuna masa ba. Akwai kuma tsargiya, wato fitsarin jini. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga ƙananan dodon koɗi da suke zama a gefen ruwa marar gudu, ta huda fata ta shiga jikin mai wanka. Wasu iyaye suna ɗauka alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, ciwo ne, kuma yana da magani a asibiti.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, wurin ya fi kyau a ido, ko'ina kore shar. A lokacin ne kuma ya fi son a yi hattara. Hadari yakan haɗo daga gabas cikin ɗan lokaci. Da an ji tsawa, a sauko daga kan dutse, a fita daga ruwa, kada a fake a gindin bishiyar da take tsaye ita kaɗai. Cikin mota mai rufi ko cikin gini ya fi. Duwatsu suna yin gansakuka, santsi kamar an zuba karkashi.

Sai maganar kwalekwale. Kanawa ba za su manta da abin da ya faru a Bagwai ba, a ƙarshen Nuwamba 2021, lokacin da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari, mutane fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Ba ma da damina ba ne. Idan ka ga jirgi ya cika har ruwa ya kusa bakinsa, ka ce wa mai jirgin, "Malam, je ka dawo, ma jira." Ba rowa ba ce, ba kuma tsoro ba. Ka tambayi rigar ceto, ka fara sa wa yara.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta sunan watan da zai so ya kai iyalinsa Tiga, da dalilinsa a jimla biyu. Sannan ya lissafa: idan mutum takwas za su tafi a watan Afrilu, kowa zai sha lita uku, lita nawa za a ɗauka? A zo da amsa ranar Asabar.