Yadda na gyara labulen lantarki mai ƙin sauka

Tagar falona yamma take kallo, ga zafin Sakkwato a Afrilu yana wuce digiri 40. Na saita labulen ya sauka da kansa ƙarfe 1 na rana, don iyakwandishan ya rage shan wuta. Amma duk ranar da aka ɗauke wuta sai ya ƙi motsi.

Injinsa lafiya lau, da batirinsa. Ashe umarnin ta Wi-Fi yake zuwa, na'urar Wi-Fi ɗin kuwa tana mutuwa da wutar. Na mayar da ita kan sola, cinta bai kai na fanka ba. Ƙurar hunturun da ta toshe hanyar da labulen ke bi kuma busasshen tsumma na sa mata. Kada ka zuba mai, ƙura yake kamawa.